Yadda Za Ka Ɗauko Waƙar Wani a Ka Ba Tare da Ta Zube Ba

Matso nan, ɗan'uwa. An ce mini kai ma waƙa takan zo maka kana wanka, kafin ka laluɓo tawul ta yi gaba. To yau ka faɗo hannun gwani. Ni ne Djalma mai aski na unguwar Bento Ribeiro, wanda shagonsa ke kallon tashar jirgin ƙasa, shekara hamsin da ɗoriya ina cikin masu tsara waƙa na ƙungiyarmu ta kiɗa da rawar samba, Flor do Trilho. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari babu waƙar da za ta sake kuɓuce maka. In ta kuɓuce ka zo in yi maka aski kyauta, in ba ka da gashi in goge maka sanƙon.

Kada ka ce mini kana da waya mai ɗaukar murya. Waya takan mutu, takan faɗa ruwa, a jirgin yamma kuma takan canza mai gida. Ni na koyi abin nan tun zamanin da rikoda ɗaya ce tal a unguwarmu, tana kulle a ofishin sakataren ƙungiya, shi ma ba ya kunna ta sai ya wanke hannu. Duk darasin nan a rana ɗaya na same shi, wata Asabar, sai ka kasa kunne.

1. Ka nemi waƙa inda take

Gaskiyar da ba wanda zai gaya maka ita ce, waƙa mai kyau ba kasafai take sauka a kan irinmu ba. Ni kalmomi na iya. Ba ni jigo yau, gobe in kawo maka baiti talatin da sarakuna da taurari da teku a ciki. Amma karin da za a rera su da shi, wanda zai sa tsohuwa ta bar wake a wuta ta fito titi, wannan sai Seu Belarmino, wato Malam Belarmino a yarenmu.

Seu Belarmino ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Buhunan kofi sun lanƙwasa masa baya, kuma ko harafi ɗaya bai sani ba. Sai ya zauna yana ƙwanƙwasa kwalin ashana da yatsu, can ka ji abu ya fito daga hancinsa wanda zai hana ka barci mako guda. Shekara arba'in yana sayar da irin wannan ga 'yan gayu masu farin takalmi. Wani ya ba shi kuɗin kwalba biyu, wani kwanon wake da naman alade, su tafi su rubuta sunayensu a kai. Waƙoƙinsa sun shiga rediyo, an yi rawarsu a manyan tituna, amma sunansa bai taɓa fita ta lasifika ba ko sau ɗaya.

A shekarar da nake ba ka labari huhunsa ya gaji, aka kwantar da shi a wani asibiti a tsakiyar birni, ni kuma duk Asabar ina zuwa in aske masa gemu. Asabar ɗin nan ita ce ranar rufe karɓar waƙoƙin gasa, wadda a cikinta ake zaɓen waƙar da ƙungiya za ta fita da ita titi ranar babban bikin Karnabal. Ƙarfe biyar na yamma sakatare zai kashe rikoda ya ja ƙofa. Baitocina suna aljihu tun watan jiya ba kari, har na haƙura da shekarar.

Na shafa masa kumfa, ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta. Na ɗora aska ke nan sai na ji maƙogwaronsa yana rawa a ƙarƙashin yatsuna. Na ce ya tsaya kada in yanke shi, bai ko kula ni ba. Ya rera farko, ya rera tsakiya, ya kai amshi, sai na ga majinyacin gadon kusa ya ajiye cokalinsa. Sau biyu ya rera mini. A na uku tari ya ƙwace ta.

Ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Wannan ba ta sayarwa ba ce, Djalma. Kai ta. Ka sa sunana a takarda, in ji an kira shi sau ɗaya kafin a kira ni."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kaina akwatin ƙarfe ne. Ƙarfe biyu saura kwata a lokacin. Na haɗa kayana na fita, na bar bawan Allah da rabin gemu.

2. Kada ka gaida kowa

Waƙar da ta shigo ka yanzu baƙuwa ce, ba ta san gidan ba, ƙofar da ta fara gani a buɗe ta nan za ta fita. Bakinka shi ne ƙofar. Rufe shi, ka bar ta tana juyawa a hanci.

Nas ta ce mini sai wani makon, na wuce ta kamar ban ji ba. A bakin ƙofar asibiti na yi kiciɓis da ƙanwar surukata, ta buɗe hannuwa za ta rungume ni, na kauce na bi ta ƙarƙashin hammatarta. Har ta mutu ba ta sake cin abincin gidana ba, wanda ni a wurina riba ce.

Kuma kada ka yi gudu. In ka yi gudu waƙar ma gudu za ta yi, ka isa da takun sojoji a maimakon samba. Ka daidaita ƙafa da kiɗan da ke kanka, ko da mutane za su ɗauka fitsari ne ya matse ka.

3. Ka toshe kunne, amma kada ka dogara da auduga

Mai aski ba ya rasa auduga. Kafin in shiga jirgi na cusa ta a kunnuwa biyu, na samu lungu kusa da ƙofa, na kafa goshi a ƙarfe ina rerawa ciki-ciki. Tasha uku lafiya lau. Har na fara tunanin irin rigar da zan ɗinka ranar karɓar kofi.

A tasha ta huɗu wani mai wa'azi ya shigo da Littafi a hammata da ƙaramin tambari a hannu. Ban ƙi wa'azi ba, kowa da hanyar cin abincinsa. Amma mutumin nan waƙar coci ya ɗauko, irin mai layi biyu wadda in ta shige ka sai bayan bikin Ista take fita, kuma tarago duka ya kama amsa masa. Auduga tana tare hayaniya, ba ta tare waƙa. Na ji farkon waƙar Seu Belarmino ya fara sa rigar coci, yana jan ƙafa, yana neman ya ce amin.

A nan za ka san ko kai gwani ne ko ɗan koyo. Ɗan koyo zai runtse ido ya dage. Gwani ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Ka raba kayan

Duba kusa da kai ka nemi kan da babu komai a cikinsa. Akwai su da yawa, gwamnati ma ba ta san adadinsu ba.

Wanda na samu mai gyaɗa ne, wani dogo mai suna Valdeci, da gwangwaninsa mai garwashi a ƙasa. Na zaɓe shi ne don shekara da shekaru ina jin tallansa a jirgin nan, kullum da murya ɗaya, bai taɓa kauce mata ba. Na damƙo wuyan rigarsa, na kafa baki a kunnensa na rera masa farkon sau uku. Ya zaci sata zan yi masa, ya rungume gwangwani. A karo na uku sai na ga kafaɗarsa ta fara motsi.

Na ce ya riƙe mini wannan zuwa Bento Ribeiro, zan saye gyaɗarsa duka. Ya maimaita mini daidai, ko ɗigo bai zubar ba. Sai ya tambaye ni ta wace ƙungiya ce, na gaya masa, ya ce to shi gyaɗarsa ba ta gagare shi sayarwa ba.

"Ubangida, kai fa ka sa ta a kaina, ba ni na roƙa ba. Na shiga ke nan."

5. Ka san kuɗin hayar kan mutum tun kafin ka shiga

Ka san al'adarmu, ba sai na tuna maka ba. Duk wanda ya sa hannu a samba, ko da numfashi ya gyara, ya zama abokin tsari, sunansa ya hau takarda. Na san mutumin da ya shiga waƙa don shi ya ara wa masu ita fensir. Dokar ƙungiyarmu kuwa suna huɗu ne a kowace waƙa, ba ƙari. Na lissafa: Seu Belarmino, ni, Valdeci. Da sauran wuri. Na ce masa ya shiga.

Mai wa'azi ya sauka, na ce Allah ya raka taki gona. Ban gama ajiyar zuciya ba jirgi ya tsaya cak a tsakanin tashoshi biyu, kamar yadda ya saba in ya ga mutum yana sauri. Wani ya zaro ƙaramar rediyo ya kamo wasan ƙwallo, kuma duk minti biyu sai a sako waƙar tallan maganin ciwon kai. Zafi, zufa, warin gyaɗa. Tsakiyar waƙar, wadda ita ce mai lanƙwasa da yawa, ta fara miƙewa tana bin tallan magani.

A gabana akwai wata mata zaune a kan ƙullin kayan wanki na masu kuɗin bakin teku, tana kallona tun ɗazu. Dona Zulmira sunanta, wato Uwargida Zulmira. Ta ce ta ga abin da na yi da mai gyaɗa, in kawo ta riƙe mini kafin in suma. Na rera mata sau ɗaya, ta ce ya isa, ita ba mai gyaɗa ba ce. Ta maimaita, har ta ƙara mata ɗan yaji a ƙarshe, na ce ta cire, ta ce ba ta iya girki ba gishiri. Sannan ta faɗi sunanta cikakke, ta ce a rubuta shi da kyau, don mijinta ya daɗe yana ce mata ba abin da za a tuna ta da shi sai sabulu.

Suna huɗu sun cika. Amma duba hikimar: farko yana kan Valdeci, tsakiya tana kan Dona Zulmira, ni kuma na bar wa kaina amshi kaɗai, wanda shi ne zuciyar waƙar. Layi huɗu ne kacal. Ko jaki zai riƙe layi huɗu.

6. Kada ka yi gardama da mai hatimi

Mun sauka biyar saura minti uku. Ka zana hoton a ranka: mai aski a gaba, mai gyaɗa da garwashinsa a tsakiya, mai wanki da ƙulli a ka a baya, kowa bakinsa a rufe yana gurnanin nasa, muna haye gadar tasha. Muka isa rumfar ƙungiya biyar da minti goma.

Seu Otacílio, sakatarenmu, yana tsaye da makulli a hannu. Mutum ne da bai taɓa tsara ko atishawa ba, amma sunansa yana kan waƙoƙi goma sha ɗaya. Ya dubi agogo, ya dube mu, ya ce doka doka ce. Na nuna masa takarda da hannu, na haɗa tafuka, don ba na son buɗe baki. Ya ce shi ma mai tausayi ne, ƙofa tana iya buɗuwa, rikoda tana iya tashi, sai dai wanda ya buɗe ƙofa ya sa hannu a samba ke nan.

Suna biyar, wuri huɗu. Valdeci ya ce in an cire shi zai tafi da farkon ya sayar da gyaɗa da shi. Dona Zulmira kuwa ta gyara zaman ƙullinta ta juya wajen ƙofa. Sai Seu Otacílio ya zaro biro ya ce ai abin mai sauƙi ne.

"A cire tsohon mana. Ba ya iya sa hannu, ya saba, kuma ƙafarsa ɗaya tana kabari."

Ga shawarata gare ka: in an faɗa maka irin wannan, ka haɗiye. Ka ƙirga fale-falen rufi. Ka bar zagi sai an gama ɗauka.

Ni ban haɗiye ba. Awa uku ina tattalin bakina, sai ga shi ya buɗe gaba ɗaya. Na zagi Seu Otacílio, na zagi bironsa, na zagi waƙoƙinsa goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya tare da faɗin wanda ya tsara kowacce, na gangara kan kakansa wanda ban taɓa gani ba. Masu gyaran ganguna suka bar aiki suka zo kallo. Na fizge biron, na rubuta Belarmino dos Anjos a layin farko da manyan baƙaƙe, na bi da Valdeci, da Zulmira, da shi ɓarawon. Nawa sunan na bar shi a aljihu. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo, don baitocin nan talatin nawa ne, kuma su ne mafi kyau da na taɓa yi. Amma a lokacin ji nake kamar waliyyi, har ina jiran a tafa mini.

7. In ta gudu, kada fuskarka ta nuna

Seu Otacílio ya wanke hannu, ya danna rikoda, faifai ya fara juyawa. Valdeci ya rera farko ina nuna masa kalmomi da yatsa, tsaf. Dona Zulmira ta karɓa, da yajinta. Suka juyo gare ni.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Na leƙa inda na ajiye amshi, na tarar da wurin a share. Babu komai sai kakan Seu Otacílio.

Kada ka tsaya, kada ka ce a dakata. Faifai yana juyawa, mutum uku suna kallonka, ɗayansu yana neman dalilin ja ƙofa. Buɗe baki ka bar abin da zai fito ya fito, ka ɗaga gira kamar ka san inda za ka. Na buɗe, wani abu ya fito. Yana da layi huɗu, ya hau kan kalmomin daidai, masu ganguna ma sun gyaɗa kai. Na ce wa kaina ai shi ne. A hanyar gida na sake ce wa kaina shi ne. Kafin Asabar ta zagayo na kusa yarda, sai dai ban je aski asibiti ba, na aika a ce mura nake yi.

8. Ka mayar wa mai ita

Wannan matakin ba dole ba ne. Masu hankali sukan tsallake shi.

Bayan mako biyu, ranar Lahadi da la'asar, aka buɗe gasa. Likitoci sun sallami Seu Belarmino, irin sallamar da ake yi wa wanda ba sauran abin da za a yi masa. Muka ɗauko shi a motar mai kifi, muka shigo da shi a kan kujera mu huɗu, muka ajiye shi gaban dandamali. Ya sa farar rigarsa, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga.

Waƙarmu ce ta bakwai. Mai sanarwa ya buga lasifika da yatsa, ya ce waƙa ta gaba ta Belarmino dos Anjos ce, da Valdeci, da Zulmira, da Otacílio. Tsohon ya cire hularsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Tsofaffin unguwa, waɗanda suka san gaskiyar shekara arba'in, suka miƙe tsaye suna tafi tun ba a fara kiɗa ba. Na yi kuka, ban ji kunya ba.

Ganguna suka tashi. A farko yatsunsa suna bi a kan hular. A tsakiya ya yi murmushi ya nemi Dona Zulmira da ido. Da aka zo amshi rumfa duka ta ɗauka, mata suna juya siket, sai na ga yatsun sun tsaya.

Da aka gama ya yafito ni, na durƙusa kusa da kujerar.

Ya ce, "Sunan nawa ne, na ji shi, na gode. Farkon ma nawa ne. Amshin nan fa, Djalma, na wane ne?"

Na so in yi ƙarya, bakin ya ƙi. Na gaya masa komai, da mai wa'azi, da tallan magani, da zagin. Na ce rikoda tana nan a ofis, taku ashirin, ya rera mini sau ɗaya kawai, ko a hanci, in ɗauka a gyara kafin zagaye na biyu.

Ya rufe ido. Leɓɓansa suka motsa, na kai kunne har ina jin ƙarar ƙirjinsa. Muka jira. Can ya buɗe ido ya dube ni, ba fushi, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

"Ai na ba ka," in ji shi. "Ni in na ba mutum waƙa, ba na rage saura."

An fitar da mu a zagaye na uku. Shi kuma bai kai Karnabal ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka a dalilin binta. In dangin matarka sun daina gaishe ka, tsakaninku ne. In ka wayi gari mai gyaɗa yana cikin waƙarka kai kana waje, ka kai ƙara wurin sakatare, shi ma ya shiga. Alkawarin da na yi a sama kuwa, na yi shi ne kafin ka karanta, yanzu ka karanta, ka san da wa kake magana.

Abu ɗaya dai. In ka zo aski ka ga na tsaya cak da aska a wuyanka, idona a bango, bakina yana motsi, kada ka yi magana, kada ka tambaye ni lafiya. Wani lokaci amshin yakan zo har bakin ƙofar shago ya tsaya. In ka yi tari ya koma, abin da ya samu wuyanka ba ruwana.